Kamzalu Bai Mutu a Mawashi Ba

Gwaggona Kulu ba ta karatun boko. Ta taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci a Rimaye, garin da aka haife ta, ta yi mako uku ta fito, ta ce malamin yana maimaita magana kamar mai kiran kaji. Duk da haka, a Mawashi inda aure ya kai ta, babu wanda ya san Gulbin Toka kamar yadda ta san shi.

Gulbin Toka littafin yaƙi ne mai kashi shida. Mijinta, marigayi Malam Bube, shi ya riƙa sayo su ɗaya bayan ɗaya a tashar Kankia idan ya kai hatsi kasuwa. Bayan la'asar sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya karanta mata, ita kuma tana ɓarar gyaɗa. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, daga baya aka yi masu shimfiɗa a bayan zana inda za su ji murya ba tare da an gan su ba. Da ya rasu, shekara tara ke nan, ya bar mata gona biyu da littattafan nan shida. Gwaggo ta cire zanar, ta jawo matan tsakiyar gida, ta nemi mai karatu.

Sana'arta irin gyaɗa ce. Tana noma ta, ta adana da ɓawonta har bazara, sannan a ɓare ta sayar wa manoma idan ruwan shuka ya sauka. Akwai injin ɓara, amma Gwaggo ta ce injin yana fasa ƙwayar, iri kuwa idan ya fashe bai tsirowa. Da hannu ake ɓare nata, shi ya sa har daga Kusada ake zuwa neman irin Kulu. To hannu biyu ba sa ɓare buhu goma sha huɗu. Abin da ke ɓare su shi ne Gulbin Toka. Mata su zo su kewaye tabarma, a zube gyaɗa a tsakiya, a buɗe littafi. Ba ta ba kowa komai sai ɓawo na hura wuta da ƙoƙon kunu. Da zarar abin da aka zube ya ƙare, ko da takobi yana sama bai sauko ba, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Sai gobe." A yi ta roƙonta, ta tashi ta shiga ɗaki.

Bara mai karanta masu ta yi aure ta bar garin. Ni kuma na gama jami'a ina zaune a gida Kankia ina jiran a kira mu hidimar ƙasa. Babana ya ce tunda ba na fita ko ƙofar gida, gara in je in yi rashin fitar a gidan yayarsa. Haka na zama mai karatu. Ranar farko muryata ba ta wuce gwiwata ba. Inno, tsohuwar maƙwabciyar Gwaggo wadda ta fi kowa daɗewa a wannan tabarma, ta ce, "Kulu, ɗiyar nan karatu take ko wuridi?" Aka yi dariya. Na ƙara murya, na kafa ido a takarda, ban sake ɗagowa ba sai da aka tashi.

Littattafan sun daɗe da rabuwa da bangonsu. Gwaggo ta naɗe kowanne da takardar buhun siminti, ta ɗinke da zare, ta ɗiga masa lalle a goshi: ɗigo ɗaya na ɗaya, ɗigo biyu na biyu, har shida. Ita ke ajiye su a cikin kwalla ƙarƙashin gado, ita ke miƙo wanda za a karanta.

Ban taɓa karanta labari mai baƙin ciki irinsa ba. Akwai takubba da bokaye da aljanu kamar sauran littattafan yaƙi, sai dai a nan nagari ba ya cin nasara, domin babu shi. Sarki ya sayar da ɗansa a kan rijiya. Uwar dakaru ta sa wa rundunarta guba don kada su koma wa ƙanenta. Shi kansa jarumin, Kamzalu, a littafi na biyu ya ƙone rumbunan wani ƙauye saboda sun ƙi nuna masa mashigi. Ranar Inno ta tofar da yawu ta ce, "Allah shi isa tsakaninmu da kai, ɗan banza!" Washegari ita ta fara zuwa, ta zauna tana tambaya ko ya ci abinci tun jiya.

Na lura Gwaggo ba ta kallon littafin, hannayen mata take kallo. Idan ana yaƙi hannu na gudu, sai ta ƙara zubo gyaɗa a hankali ba wanda ya gani. Idan aka shiga zancen fada da wasiƙun sarakuna hannu ya yi sanyi, sai ta ce, "Amatu, ɗan taka da sauri, mutanen nan surutu gare su."

Mun gama littafi na biyar saura buhu huɗu. A shafin ƙarshe amininsa Zaudan, wanda suka sha wuya tare tun farkon labari, ya soke Kamzalu ta baya ya tura shi cikin gulbin. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya. Marubucin bai ko yi masa addu'a ba, ya rufe littafi. Akwai amare uku da bana ne farkon zuwansu. Ɗaya ta rufe fuska da gyale, ɗaya ta ce wallahi ba ta ƙara zuwa, a kan me za ta ɓare yatsunta wata guda a kashe mata mutum kamar ɓera.

Tsofaffin kuwa murmushi suke. Inno ta dafa amaryar ta ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Kamzalu bai mutuwa haka nan. Ki dawo gobe ki ga abin mamaki."

Da safe bayan na share tsakar gida Gwaggo ta miƙo mini mai ɗigo shida don in duba kafin la'asar. Ya fi sauran kauri. Ina buɗewa na ji ganyen farko ya yi tauri, ashe an manne shi da na biyu da ƙaro. Na ɗaga shi saitin rana. Rubutun ya fito a juye, amma ya karantu. Marubucin yana gode wa masu karatu da suka matsa masa da tambaya, sannan ya ce wannan labarin ƙuruciyar Kamzalu ne, ya faru shekara ashirin kafin littafi na ɗaya.

Na daɗe a zaune ina shirya yadda zan faɗa mata ba tare da na kunyata ta ba. Tsohuwa ce, ba ta karatu, wataƙila wani yaro ne ya manne takardar tun da daɗewa. Na same ta a madafa tana dama kunu.

"Gwaggo, littafin nan akwai kuskure kaɗan."

"Mi ne ne?"

"Ba dawowa ya yi ba. Labarin yarintarsa ne. A nan gaba an rubuta."

Ba ta daina damu ba. "Shekara ashirin kafin na ɗaya," in ji ta. "Ai ni na sa Malam ya manne wurin."

Na sake duba ganyen da aka manne.

"Ranar da ya karanta mana mutuwar nan," ta ce, "mata bakwai ne a bayan zana. Washegari ko ɗaya ba ta zo ba. Gyaɗa buhu uku ni kaɗai na ɓare ta, har farcena ya fita. Da ya sawo wanga na shida ya karanta man ni kaɗai, na ce Malam, ka ga yaron nan da rai, da idonsa biyu, mi za shi hana shi zama dawowa ya yi? Ya ce Kulu ki ji tsoron Allah. Na ce marubucin ya ji tsoron Allah da ya kashe mutum ba sallah?"

"To idonsa da aka cire a na uku?"

"Aljanun gulbi suka mai da mashi."

"Bai san matarsa ba a nan."

"Wanda ya kwana cikin toka ai sai mantuwa."

"Gwaggo, har babansa yana da rai."

"Aljani in zai yi maka alheri bai yin rabi." Ta miƙo mini ludayi. "Ɗanɗana. Akwai tsami?"

Akwai tsami daidai. Na koma na zauna, na yanke shawarar cewa aikina karatu ne, kuma daga ganye na uku zan fara kamar yadda waɗanda suka gabace ni suka yi.

Gabas ta fara tara hadari tun azahar, irin wanda ke haɗuwa ya watse. Gwaggo ta fito ta dube shi sau biyu. Idan ruwa ya sauka buhu huɗun nan na cikin ɓawo, manoma ba za su jira ta ba, sai dai ta kai inji, ranar kuma irin Kulu ya zama kamar na kowa.

Mata suka cika tabarma, har amaryar da ta rantse. Sai ga baƙuwa ta yi sallama: Malama Rahma, wadda aka turo koyarwa firamaren garin daga Kankia. Na san ta sama-sama, mace ce mai fara'a da son taimako. Ta ce ta ji ana karatun Gulbin Toka, ita kuwa ta karance shi kaf a waya, har suna da zauren hira a wayar inda suke tattauna shi. Gwaggo ta yi mata maraba, ta tura mata gyaɗa gabanta.

Na fara. Wani saurayi ya fito daga bakin gulbi da sandar kiwo, jikinsa duk toka. Ina ambaton sunansa Inno ta rangaɗa guɗa. Amaren suka riƙe baki.

"Ba na hwaɗa maku ba?" in ji Inno. "Ga shi nan sabo fil!"

Malama Rahma ta yi dariya. "Au, yau kuka fara ke nan? Na yi sa'a."

"Yau muke kan na ƙarshe, Malama."

"A'a, Inno, wannan ai shi ne na farko. Yarintarsa ce, lokacin yana kiwo. Mu a zaurenmu da shi muke ce wa sabon mai karatu ya fara, don ya san asalin kowa. Daga nan sai a bi sauran har inda Zaudan ya kashe shi."

"Ya soke shi dai."

"Ya kashe shi mana. Ai nan labarin ya ƙare."

Ƙarar ɓawo ta tsaya cak. Malama Rahma ta dubi fuskoki, murmushinta ya fara raguwa, amma ba ta gane ramin da ta taka ba. Gwaggo ce kaɗai hannunta ke aiki.

Inno ta juyo gare ni. "Amatu, ke kika yi jami'a. Mi takarda ta ce?"

Na nemi gaskiyar da ba za ta yi ɓarna ba, na samu guda. "Shi marubucin wannan ya rubuta a ƙarshe, Inno. Bayan na biyar ya fito."

"Haka ne," in ji Malama Rahma, "amma labarin cikinsa..."

"Ba wanga na tambaye ki ba," Inno ta katse mu duka. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

Na dubi Gwaggo. Ba ta dube ni ba.

"Ya mutu, Inno."

Inno ta kakkaɓe zanenta ta miƙe a hankali, da dafa ƙasa. "Shekara tara, Kulu. Shekara tara ina yi wa gawa guɗa. Jikana na goye har Kamzalu nake ce mashi." Sauran suka fara neman takalma. Wata ta ce dama ita tun tuni zancen uban nan bai kwanta mata ba. Wata ta ce ƙarya take, ita ta fi kowa kuka ranar da suka rungume juna. Malama Rahma ta shiga ba da haƙuri, ba wanda ya saurare ta.

Gwaggo ta bari sai da Inno ta kai bakin zaure, sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Ku tahi lafiya. Ni dai tausayinku nake ji. Malama ta ce shekara tara kuna jin labari ta wutsiya. Ashe duk Mawashi babu wadda ta taɓa jin Gulbin Toka. Gobe a gidan suna in matan Kankia suka tada zancen, sai ku yi shiru."

"Wa ya jawo?" in ji Inno daga zaure.

"Ni. Na jera nawa, ya ɓaci. Malama, naki jerin ya fi nawa?"

Malama Rahma ta ce, "Ba wai ya fi ba, Gwaggo. Shi ne daidai."

"Daidai bai fi ba?"

"To, ya fi."

"Kun ji. Mai cewa miyarta ta fi daɗi ai sai ta zuba a ɗanɗana. Ga littafi a buɗe, kuma kin ce shi ne na farko. Amatu, miƙa ma Malama littafin. A ji shi yadda masu waya ke jin shi, in an gama mata su yanke wanda ya fi. In nata ne, ni da hannuna zan goge lallen."

"Gwaggo, ina da makaranta..."

"Da la'asar? Wace makaranta?"

Na miƙa littafin da hannu biyu, ban taɓa jin daɗin rabuwa da abu haka ba. Malama Rahma ta karɓa kamar an ba ta garwashi. Amaryar da ta rantse ita ta fara komawa tabarma, ta ce ita dai tana son ta ji yadda aka yi ya bar kiwo. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna. Inno ta dawo daga ƙarshe, ta zauna ta ba Gwaggo baya, ta ce ba don kowa ta dawo ba, ta'aziyya ta zo.

Ni ma aka tura mini gyaɗa. Daga nan na ga abin da ban gani ba lokacin da kaina ke cikin takarda.

Labarin da suka ji sau tara ya zama wani labari. A kwana na uku Kamzalu ya tsinci wani yaro a hanya ƙishirwa za ta kashe shi, ya ba shi ruwan gorarsa, yaron ya ce sunansa Zaudan. A shekarun baya, in ji su, nan ne ake cewa maci amana ya dawo ya tuba, har a yaba wa Kamzalu da yafiya. Wannan karon Inno ta buga cinya.

"Kada ka ba shi! Kai, wawa, bar shi shi mutu! Shi za shi kashe ka!"

"Inno, ba ya jin ki," in ji amaryar.

"Dama can bai jin magana!"

Haushi ya sauka a yatsu. Duk inda Zaudan ya yi magana mai daɗi, ɓawo sai ya riƙa tashi kamar ana yi masa dukan gayya. Duk inda Kamzalu ya yi dariya kuma sai wuri ya yi tsit, a ji ana jan hanci, amma hannu bai tsaya ba. Na ga Gwaggo tana jawo bakin buhu da ƙafa tana ƙara zubowa. Da muka haɗa ido ta ɗaga mini gira.

Kwana tara aka gama buhu huɗun, littafin ma bai ƙare ba. Malama Rahma, wadda zuwa lokacin ta koyi sauya murya idan boka zai yi magana, ta ce ai ba a yanke hukunci da rabin littafi, sai an bi jerin har na biyar. Gwaggo ta ce gaskiya ne, adalci ya fi komai, ta shiga ɗaki ta jawo buhun wake.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana uku. Manoma suka zo, har da na Kusada, irin Kulu ya ƙare tas cikin mako guda. Da aiki ya koma gona zaman ya ragu, sai ranar Juma'a kawai, har aka kai na biyar bayan an gama girbi. Malama Rahma ta karanta sukar nan, ta rufe littafi, ta ce, "Shi ke nan." Ba wadda ta yi kuka. Sun gama kukan tun a baya. Aka dai rasa mai tashi.

Gwaggo ta ce, "To, a yanke."

Duk aka dubi Inno. Tun ranar da asiri ya tonu ba ta yi wa Gwaggo magana kai tsaye ba, sai dai ta ce a gaya wa mai gidan nan kunu ya yi ruwa. Ta gyara zama, ta dubi Malama Rahma.

"Malama, naki shi ne gaskiya. Allah shi yi maki albarka, kin fid da mu daga duhu. Ya mutu, na ji, na yarda."

Malama Rahma ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Sannan Inno ta juya, karo na farko, ta fuskanci Gwaggo.

"Ke kuma maƙaryaciya, baɗi naki za a karanta. Kuma duk amaryar da ta zo, wadda ta hwaɗa mata ni da ita ne."